Wayar girke a ofis: waɗanda suka taɓa haɗawa a Zariya, ku ba mu labari

Maman Iman, Gyallesu:
Assalamu alaikum jama'a. Muna da 'yar makarantar nazare da Islamiyya, kuma duk iyayen yara lambata ce a hannunsu. Ranar da na yi tafiya ko cajina ya ƙare, ba mai samun makaranta. Shi ne maigida ya sayo min wayar girke ta gwanjo a kasuwar Sabon Gari, irin ta kan tebur mai igiya a murɗe. Na juya ta gaba da baya ban ga wurin sa sim ba, sai 'yan ramuka biyu, ɗaya a gefe ɗaya a baya. Ina zan jona ta? Wanda ya taɓa yi don Allah ya taimaka.

Baba Ɗan Fansho, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. 'Yata, wannan da kika kwatanta ba ta san sim ba, layin ƙasa take jira. A zamaninmu wayar tagulla ake jawowa daga falwaya har cikin falo. Da can ma'aikatar gidan waya ta gwamnati, wato P&T ke riƙe da harkar, a 1985 aka kafa kamfanin waya na NITEL. A lokacin lambar Zariya 069 ce, Kaduna 062, Kano 064, Legas 01. In cikin gari za ka kira ba ruwanka da 069, lambar gidan kawai za ka juya.

Abin da yaran yanzu ba sa yarda in na faɗa shi ne ba a yi mata caji. Wutarta daga ofishin waya take zuwa ta cikin layin, don haka ko unguwa ta yi baƙi ƙirin tana aiki. Tawa ce kaɗai a layinmu, saboda haka saƙon rasuwa, na haihuwa, na alhazai daga Makka, duk ta falona suke bi. A kira a ce a nemo wane, za a sake bugowa bayan La'asar, mutum ya zo ya zauna a kan tabarma yana kallon waya. Da GSM ya shigo a 2001 sai aka riƙa barin ta ɗaya bayan ɗaya. Ni dai a unguwarmu ban san gidan da layinsa ke da rai yau ba.

Mai Gyaran Waya, PZ:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, haka abin yake. Hajiya, kada ki yar da ita. Akwai wani ɗan akwati da ake sa wa sim, yana da eriya da rami irin na bayan wayarki. Shi ne zai zame mata ofishin waya: ya ba ta wuta, ya sa ta yi ƙara in an kira. Ramin baya shi za ki haɗa da akwatin. Na gefe na kan wayar ne, wanda ake karawa a kunne, kuma ya fi ƙanƙanta kaɗan. Mutane da yawa suna cusa igiyar kan a ramin layi don tana shiga, sai su kawo min su ce waya ta mutu.

In kin gama jonawa ki ɗaga kan ki saurara. In kin ji wani sauti dogo ba yankewa, layi ya zo. In shiru ne, ki duba haƙoran tagullar da ke bakin igiyar, kayan gwanjo sukan yi tsatsa. Sannan ki leƙa ƙasanta ko gefenta, akwai ɗan maɓalli mai P da T. Ki tura shi kan T. In yana kan P za ki danna lamba ki ji tana ƙas-ƙas-ƙas, akwatin kuwa yawanci ba ya gane wannan.

Yaya Babba, Kofar Doka:
Wannan ƙas-ƙas ɗin ya tuno min da gidanmu. Tamu mai faifai ce, wadda ake sa yatsa a juya. Da bil ya fara zuwa da nauyi sai mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya sa ɗan kwaɗo a ramin lamba ɗaya ya tafi da makulli Ofis. Bai san wani ƙanin mamanmu ya gano cewa faifan ba abin da yake yi sai katse layi da sauri ba. Sai ya riƙa bubbuga 'yan maɓallan da kan waya ke zama a kai: uku bugu uku, bakwai bugu bakwai, sifili bugu goma. Haka yake kiran budurwarsa a Kano. Ƙarshen wata tsoho ya zauna da takarda a hannu, ya dubi kwaɗo, ya dubi 064 a jere. Ranar ba wanda ya ci tuwon dare cikin natsuwa.

Ɗan Samaru:
Ni fa ban ga dalilin wannan wahalar ba. Ki sayi ƙaramar waya mai tocila ki sa sabon sim ki ajiye a durowa. Cajinta na kwanaki, kuɗinta bai kai na akwatin ba.

Hajiyar Kemis, Kwangila:
Ɗan Samaru, da gani ba ka taɓa riƙe ma'aikata ba. Na yi wannan dabarar taka. Ƙaramar waya aljihu take shiga. Yau yaron shago ya manta ya tafi da ita gida, gobe tana ƙarƙashin kwali tana kuka ba a san inda take ba, jibi an ara an kira Funtuwa kati ya ƙare. Tunda na sa ta girke magana ta mutu, don ba mai saɓa ta a kafaɗa ya fita, kuma in ta yi ƙara har mai shayin ƙofar shago yana ji.

Tawa irin mai sim a cikinta ce, ba ta buƙatar akwati. Ana buɗe murfin ƙasa a sa sim, a ɗaura eriya a baya, a jona caja. Tana da batir, in an ɗauke wuta tana riƙewa. Abu biyu zan ce wa mai saye. Ka gwada ta da sim ɗinka a gaban mai shago kafin ka biya, don wasu a kulle suke da layin kamfani ɗaya. Sannan sim ɗin a yi rajistarsa da NIN ɗin mai wurin, ba na ma'aikaci ba. Na ga wadda akawunta ya bar aiki, lambar da ke jikin allon shagonta ta zama tasa.

Malamar Jinya, Wusasa:
Namu ya ɗan bambanta. A ƙaramin asibitin da nake aiki intakom aka haɗa, wayoyin girke takwas a jikin na'ura ɗaya. Wurin karɓar kati 101, ɗakin likita 102, haka har ɗakin haihuwa. Kira tsakaninmu ba ko kwabo, in waje za ka kira sai ka fara danna 9. Kowace waya da igiyarta daban har zuwa na'urar, ba a yi mata jone-jone irin na ƙwan lantarki. Da farko ta ɗakin magani tana wani gurnani a kunne, ashe igiyarta ta bi bututu ɗaya da wayar wuta. Da aka raba su ya ɗauke. Ita na'urar wuta take ci, sai da aka ɗora ta a kan inbata, in ba haka ba duk takwas ɗin suke mutuwa tare.

Da dare ne na fi ganin amfaninta. Mai naƙuda tana hannunka, ba ka da damar neman lamba a salula da safar hannu. Lamba uku ka danna, ka maƙale kan a kafaɗa.

Mai Gyaran Waya, PZ:
Malama ta tuna min da batun wuta. Hajiya Maman Iman, in wayarki mai allo ce da ke nuna lambar mai kira, duba ƙasanta, wasu suna cin ƙananan batura. Ki cire tsofaffin da suka zo da ita kafin su zubar da ruwa. Akwatin kuma kusa da taga za ki ajiye shi, musamman in ginin mai kaurin bango ne irin na cikin Birni ko rufin kwano, eriya a tsaye.

Baba Ɗan Fansho, Tudun Wada:
Ku ƙara da damina. Duk igiyar da ta ratsa tsakar gida daga wannan gini zuwa wancan, ruwa na shiga mahaɗarta ka ji magana tana ƙarar soya, kuma tsawa na bin ta. In hadari ya haɗo daga gabas ku zare ta daga bango, kada kowa ya kara kan a kunne sai an ɗauke.

Maman Iman, Gyallesu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba yanzu, maɓallin a kan P yake, na mayar T. Mai Gyara, akwatin yana karɓar kowane sim ne, ko shi ma sai na je da nawa an gwada?

Mai Gyaran Waya, PZ:
Ki je da sim ɗin, ki je da wayar da igiyarta. A jona a gabanki, ki sa wani ya kira ki ji ta yi ƙara, ke ma ki kira waje. Ki tambaya ko akwai batir a cikinsa, don ba duka ke zuwa da shi ba.