Yaya zan koya wa 'yan firamare al'adun 'yan asalin Ostireliya?

Malamar aji biyar, Mabera:
Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin zamantakewa a wata firamare a nan Sakkwato, kuma a zangon nan na so yarana su san wata al'umma ta nesa, sai na zaɓi Aborijin, waɗanda suka zauna a Ostireliya fiye da shekara 50,000 kafin Turawan Ingila su kafa mazauni a 1788. Na rubuta a allo cewa harsunansu sun haura 250 a lokacin, yara suka kwafa tsaf, amma da na tambaye su washegari babu abin da ya zauna musu sai hoton sandan nan mai lanƙwasa da ake jifa ya dawo. Abin ya dame ni ƙwarai. Na ji malaman can suna haɗa karatun aji da fita waje. Yaya zan yi haka da yara sittin da filin yashi ɗaya?

Tsohon hedimasta, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, 'yata. Filin yashin nan ya ishe ki, ki fara da lokutan shekara. Mutanen Noongar, Aborijin na kudu maso yammacin Ostireliya, suna ƙirga yanayi shida, kuma da furen itatuwa da kaɗawar iska da halin dabbobi suke gane shigowar kowanne, ba da kalanda ba. Ki fitar da yaran da hantsi kafin rana ta yi zafi, ku zauna a da'ira ƙarƙashin dogon yaro, ki tambaye su yadda kakanninsu ke sanin bazara ta ƙare ko kaka ta shigo. Za ki samu yaron da zai ce miki gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, don ya gani a gonar mahaifinsa. Idan kun koma aji, sai su jera namu yanayin kusa da na Noongar a littafinsu. Aikin gida kuwa, su nemi Kaza da 'Ya'yanta a sama bayan isha'i, domin al'ummun Aborijin da dama suna ba da labarin taurarin nan a matsayin 'yan mata 'yan'uwan juna da wani mutum yake bi.

Ɗan Sakkwato mai karatu a Perth, Ostireliya:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina roƙon Malama ta yi hattara da sa yara kwaikwayon zanen ɗige-ɗige na Aborijin. Salon ya yi suna ne daga garin Papunya tun 1971, kuma wasu zanukan mallakin dangi ne, ba kowa ke da izinin kwaikwayonsu ba, shi ya sa makarantu da yawa a nan suke gayyatar dattijan yankin su yi bayani da bakinsu. Kada kuma yara su ɗauka Aborijin mutane ne da suka shuɗe. Ki gaya musu an mayar wa Anangu, wata al'ummar Aborijin, babban dutsen Uluru a 1985, an hana hawansa a 2019, kuma a ranar 13 ga Fabrairu 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara saboda yaran Aborijin da hukuma ta raba da iyayensu. Ɗan aji biyar ya san zafin rabuwa da uwa, zai fahimta.

Uwar ɗalibai, Arkilla:
Malama, tunda dattijon Aborijin ya yi miki nisa, ki gayyaci masunci daga bakin Kogin Rima ya zo da tarunsa da gorarsa. A Budj Bim da ke kudancin Ostireliya, Aborijin da ake kira Gunditjmara sun tsara magudanan dutse na kama kifi shekaru dubbai da suka wuce, har UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2019. Yara su tona irin magudanan a yashi, su zuba ruwa da buta, masuncin ya gyara musu.

Malamar aji biyar, Mabera:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, akwai gawo ɗaya a bayan katangar makarantarmu, gobe zan nemi izinin hedimasta mu je wurinsa ranar Alhamis da ƙarfe tara.