Memorin sikwensa ya cika ana saura kwana uku biki: kowa ya faɗi yadda ya fita

Ɗan Jekadafari

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Matsala ce ta kawo ni, kuma na san ba a kaina farau ba. QY100 ce a hannuna, sikwensa, wato 'yar na'urar da ke ɗaukar kiɗan da ka buga ta riƙa sake kaɗa shi, wadda maigidana ya bar mini lokacin da ya koma aiki da kwamfuta. Ita nake jonawa da fiyano in fita biki, don tana shiga jakar goyo, kuma batir 6 na tashin ta ko babu wuta. Jiya da dare ina cikin gyara kiɗan shigowar amarya sai allo ya rubuto mini Memory Full, ta ƙi karɓar ko ƙwaya ɗaya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, gurbin waƙa 20 gare ta, ni 7 kawai na cika. Gurbin salo, wato kiɗan rakiya da take maimaitawa, 64 ne, ban taɓa fiye da 12 ba. To ina wurin ya tafi? Asabar ɗin nan muna da kamu a Tumfure. Ban goge komai ba tukuna, tsoro nake ji. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mana abin da ya yi, ko da wata na'urar ce daban.

Baban Herwagana

Wa alaikumus salam. Ɗana, gurbi daban, wuri daban. Na riƙe yayarta QY70, wadda ta fito a 1997, shekaru masu yawa, kuma cikinsu kusan ɗaya ne. Ba da waƙa take lissafi ba, da ƙwayar kiɗa take yi, wato kowane sauti ɗaya da ka buga. Gaba ɗaya abin da take ɗauka wajen ƙwaya 32,000 ne, kuma waƙoƙin nan 20 da salon nan 64 duk daga nan suke ɗiba. Gida ne mai ɗaki ashirin, amma randa ɗaya ce a tsakar gida.

Zauna ka yi lissafi. Waƙar minti 5 a gudun bugu 120 a minti, bugu 600 ke nan, wato gaɓa 150 in kowace gaɓa bugu 4 ce. In ka sa kacau-kacau yana kaɗawa sau 16 a kowace gaɓa, ka buga shi da hannu tun daga farko har ƙarshe, ƙwaya 2,400 ta tafi a layi ɗaya tak. Ba a zo kan ganga ba, ba a zo kan bes ba. Amma in ka yi shi zubi mai gaɓa 2 ka bar na'ura tana maimaitawa, ƙwaya 32 ce ta ƙare maganar. Dalilin da ya sa aka yi ɓangaren zubi ke nan tun farko, sai dai yaran yanzu kun fi son ku danna ɗauka ku yi ta bugu kamar kaset ne a ciki.

Faɗa mini gaskiya, ta wace hanya ka ɗauki naka?

Ɗan Jekadafari

Baba ka kama ni. Da hannu na buga komai a layukan waƙa, daga fari har ƙarshe, saboda ina ganin ya fi rai. Akwai kuma kalangu da na kwaikwaya a waƙoƙi 4: na ɗauki muryar ganga ina lanƙwasa ta da tayar nan ta gefen fiyano, yadda zai riƙa magana kamar ana matsa shi a hammata.

Mai Fiyanon Kumo

Yawwa! Ai ga ɓarawon nan ka faɗa da bakinka. Lissafin Baba daidai ne, amma ina rantsuwa kalangun nan ya fi kacau-kacau ci.

Ni da algaita ce ta same ni. Wani bawan Allah ya ba ni aikin kiɗan hawan sallah, na kwana biyu ina murza taya don muryar ta riƙa hawa da sauka yadda mai busa ke yi. Waƙa ɗaya, amma da na duba allon da ke nuna abin da aka ci na memori sai na ga ta lashe wurin waƙa uku. Na shiga inda ake gyara saƙo ɗaya-ɗaya, na tarar ƙwayoyin algaitar kansu ba su da yawa. Abin da ya cika jerin shi ne saƙonnin lanƙwasa, layi bayan layi, har yatsana ya gaji da gangarawa.

Dalili kuwa, in ka danna maɓalli ka saki, abu ɗaya na'ura ta rubuta. Amma taya ba haka take ba. A tsarin MIDI, yaren da fiyano ke aika wa na'ura saƙo da shi, lanƙwasar sauti tana da matakai 16,384, kuma duk ɗan motsin da yatsanka ya yi sai fiyano ta aika sabon saƙo. Murza ɗaya sama da ƙasa, gomman saƙonni ne. To ka ƙiyasta kalangu mai magana na minti biyar.

Maganinsa yana cikin jerin ayyukan na'urar, sunansa Thin Out. Ka zaɓi layin, ka zaɓi saƙon lanƙwasa, sai ta riƙa cire ɗaya tana barin ɗaya a inda suka cunkushe. Sau ɗaya, kunne ba ya jin bambanci. Ni zalama ta sa na yi sau uku, algaita ta koma kamar mai hawa tsani, kana jin kowane taki. Komawa baya kuma taki ɗaya kaɗai take yi, don haka na farko da na biyu sun tafi ke nan. Sai da na sake bugawa.

Abu ɗaya kuma: bayan ka rage, duba ƙarshen kowace lanƙwasa ka tabbata ta dawo sifili. In ba ta dawo ba, sa saƙon da hannunka, in ba haka ba duk abin da ya biyo baya a wannan layin zai fito a karkace.

Ɗan Billiri

Salama gare ku. Ni mawaƙan majami'a nake kaɗa wa, da QY70. Ina goyon bayan Baba kan a koma zubi, amma ɗan'uwa ka san tarkon da ke ciki kafin ka shiga.

Kowane salo sashe 6 gare shi: buɗewa, babban sashe na A, na B, 'yan cike-gurbi biyu, da rufewa. Kowane sashe layi 8. Abin da ke kan layin ba kiɗan kansa ba ne, lambar jimla ce, wato guntun kiɗa, shi kuwa kiɗan yana ajiye wuri guda. Shi ya sa ake samun sauƙin memori: jimlar bes ɗaya tana iya yin aiki a A da B da rufewa ba tare da an kwafe ta ba. Jimlolin da suka zo da na'urar kuwa, sama da 4,000, kusan kyauta suke, tunda nuni kawai kake yi musu.

Ga inda na ji kunya. Wata Asabar da yamma na ce bari in ƙara wa bes na sashen B 'yar gudu don amshi ya ɗaga. Na gyara, na saurari B, ya yi daɗi, na kashe na tafi gida. Ban tuna cewa jimlar nan ita ce a sashen A ba. Lahadi da safe mata suka fara baitin farko a natse, bes kuwa ya kwasa a guje. Shugabar mawaƙa ta juyo ta yi mini wani kallo da har yau ban manta ba.

Tun daga ranar, in zan taɓa jimla sai na kwafe ta zuwa lambar da babu komai, in gyara kwafin. Gurbin jimla 48 kake da shi a kowane salo, ya isa. Ina kuma da ɗan littafi da nake rubuta wace lamba ce ke wane sashe.

Ɗan Pantami

Ku dai kuna da sa'a, naku yana nan ko an kashe. MPC1000 nake amfani da ita, na'urar haɗa kiɗa da sautukan da aka naɗa, ita in wuta ta ɗauke ba ka adana a kati ba, sai dai ka yi salati. Aikin awa shida ya taɓa tafiya a gabana, mai waƙar yana zaune yana shan lemo. Laifina ne, na san halinta.

Wajenmu ba ƙwaya ce ke cika memori ba, sautin da aka naɗa ne. Mega 16 take zuwa da shi, ana ƙarawa har 128, kuma minti ɗaya na sitiriyo wajen mega 10 yake ci. Na naɗi kalangu na gaske wurin wani makaɗi, na yanke shirun gaba da na baya na zubar, na mayar da shi mono, sannan lokaci-lokaci in yi Purge ta kwashe sautukan da ba a ɗora a kan komai ba. Kai ma da za ka ji tawa, nemi mai kalangu ku tafi bikin tare, ka huta da murza taya.

Uwargidan Bolari

Ni mawaƙiya ce, ba makaɗiya ba, amma fiyanon tawa ce, PSR, yarona ke kaɗawa. Ƙanena, ka yi hattara da sharar dare ɗaya. Da memorin cikin tamu ya cika, ni na ce a kwashe salo-salon da ya ƙirƙira a zuba a filas, a jera su gida-gida, na biki daban, na suna daban. Muka je walima ya danna maɓallan nan 8 da yake ajiye shirin kowace waƙa, muryoyi suka zo, gudu ya zo, salon kuwa babu. Ashe maɓallin inda fayil yake kawai ya riƙe, da ka matsar da shi ko ka sake masa suna ya ɓace masa. A gaban mutane muka tsaya nema ɗaya bayan ɗaya. Na'urarku daban ce, na sani, amma kada ka sauya wa abu mazauni ana gobe fita.

Baban Herwagana

Hajiya ta faɗi gaskiya. Na Pantami kuwa, kada ka ce muna da sa'a. Abin da ke riƙe namu wani ɗan ƙaramin batir ne mai kama da kwabo a can ciki, ba shidan nan da ake canzawa ba. Na'urar da ta haura shekara ashirin, ranar da ya mutu komai ya bi shi, haka ma ranar da za a canza shi. Ɗana, kai taka tana da ramin katin SmartMedia, abin da tawa ba ta da shi. Kafin ka goge ko ƙwaya ɗaya, adana komai a kati. Kati mai volt 3.3 take karɓa, kuma an daina yin su, don haka in kana da shi ka killace shi daga ƙurar hunturu.

Sannan in za ka mayar da gangunan zubi, kula da daidaita bugu. Kiɗan bikinmu da yawa tafiyar uku-uku yake yi. In ka ja shi kan ma'aunin da ke raba gaɓa gida 16 zai koma faretin 'yan makaranta. Zaɓi na uku-uku, kuma kada ka sa ƙarfinsa 100, bar masa ɗan hannun mutum.

Ɗan Jekadafari

Allah Ya saka wa kowa da alheri, ga rahoto. Na fara da adanawa a kati, yadda Baba ya ce. Na yi Thin Out sau ɗaya a layukan kalangu huɗun nan, a biyu daga ciki sai da na sa sifili da hannu. Kacau-kacau da bes na waƙoƙi 3 na mayar da su zubi, sauran 4 ban taɓa ba sai bayan Asabar, maganar Hajiya ta shige ni. Yanzu ma'aunin ya sauko ya bar mini wurin da zan ƙarasa kiɗan amarya har da saura.

Kalangun dai na bar shi a layin waƙa. Na gwada shi a zubi, sai ya riƙa maimaita magana ɗaya kamar aku, ban iya jurewa ba. Yayana na Pantami, mai kalangun da na sani kuɗinsa ya kai rabin abin da za a ba ni, sai wani jiƙon.

Baba, katin nawa ɗaya ne tal, kuma gefensa ya fara ɗagowa. In ka san mai wani a ajiye, zan biyo Herwagana gobe bayan la'asar.