Shawarata ta kwana wata bakwai a akwati, yaya zan yi?

Mai Gyaran Inji:
Assalamu alaikum. Shekara tara ke nan ina aiki a sashen gyara na wani kamfani mai sayar da manyan injinan sanyaya kaya. Abin da nake gani kullum shi ne mutum ya saya, ya yi shekara biyu bai neme mu ba, sai ranar da injin ya ƙone kaya suka fara lalacewa ya bugo waya hankali a tashe. Sai na zauna na rubuta shafi uku: mu girka injin a matsayin namu, mu riƙa kula da shi, mai kaya ya biya mu duk wata. Na jefa a akwatin shawarwari da ke bakin ofishin manaja, wanda ko makullinsa ya yi tsatsa. Wata bakwai shiru. Da na bi sawu, shugaban sashen ciniki ya ce mini, "Kai naka gyara ne, bar mana kasuwa." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai, don ni ne nake ganin fuskar mai kaya ranar asara. Ku da kuka daɗe a harka, ta ina ake bi?

Tsohuwar Akanta:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara tambayar kanka: da me ake biyan mutumin nan? In kamasho yake samu kan kowane injin da ya sayar, to shawararka hannu ce a aljihunsa, ko da bai faɗa ba. Kamfanin ma haka: yau kuɗi na shigowa dunƙule, kai kana so ya riƙa ɗigowa kaɗan-kaɗan tsawon shekaru, alhali an riga an biya kuɗin injin. Duk akanta zai ja da baya.

Ka tuna Kodak, kamfanin kayan ɗaukar hoto na Amurka. Injiniyansu Steven Sasson ne ya ƙera kyamarar dijital a 1975, amma ribarsu a fim ɗin ɗaukar hoto take, suka yi ta jan ƙafa, har a 2012 suka kai kansu kotu kan karyewar arziki. Basira ba ta yi musu ƙaranci ba. Don haka ka koma da lissafi a hannu, ka nuna wata nawa injin zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗinsa, ka kuma sa wa ɗan ciniki nasa kason a cikin kuɗin wata.

Injiniya Mai Ritaya:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ni dai abin da zan ƙara, tunaninka yana da magabata. A 1959 Xerox ta fito da na'urar kwafi 914, tsadarta ta hana a saya. Sai ta ba da ita haya: dala 95 a wata, kwafi 2,000 na farko a ciki, kowane ƙari santi 4. Ofisoshi suka yi ta kwafi fiye da yadda aka zata, a nan ribar ta fito. Rolls-Royce, mai ƙera injinan jiragen sama, ita ma tana karɓar kuɗi daga kamfanonin jiragen sama gwargwadon awoyin da injin ya yi yana tashi, kulawar kuma a wuyanta.

Amma kada ka nemi a juya kamfanin gaba ɗaya, ba za su yarda ba. Roƙi injin biyar, mai kaya biyu, wata shida, da alƙawari a rubuce cewa in abin bai yi ba, ba za a ɗora maka laifi ba. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci. Na ga hazikan yara sun yi gum har suka bar aiki, saboda sun ga yadda aka yi da wanda ya gwada ya faɗi.

Uwar Sarah:
Malam, matsalar jari fa ba dole kamfaninku ya ɗauke ta shi kaɗai ba. Wani kamfanin ba da haya ko banki zai iya sayen injinan, ku ku riƙe gyara. Haka kamfanonin magani biyu suka haɗa gwiwa a 2020: BioNTech ta zo da fasahar rigakafin COVID-19, Pfizer ta zo da ƙarfin gwaji da rarrabawa. Sai dai tun kafin a fara, a rubuta: na wa ne bayanan da injin ke tarawa, wa ke biya in ya tsaya cikin dare, kuma wa mai kaya zai kira. Mun taɓa haɗa gwiwa da wani kamfani ba mu rubuta na ukun nan ba, abokan ciniki suka riƙa yawo tsakaninmu.

Mai Gyaran Inji:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, ashe ban taɓa tunanin kamashonsa ba. Ina da littafin gyara na shekara huɗu, kowane kira da ranarsa. Daga shi zan fitar da lissafin, kuma shi shugaban cinikin zan fara kai wa ranar Litinin kafin manaja. Baba Injiniya, injin biyar ɗin sababbi zan roƙa, ko waɗanda aka dawo da su muka gyara za su wadatar?