Jiragen sama marasa matuƙi masu ɗauke da makamai: me talaka zai yi ya kare kansa?

Mai Awon Hatsi, Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗan kasuwa ne, ina cin kasuwannin ƙauye tun daga Tawa har Abalak da Cintabaradan, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Makon jiya a wajen bikin ɗiyar ƙanena, mai ɗaukar hoto ya tayar da ƙaramin jirginsa, wanda matasa ke kira dron, ya tsaya bisa kan jama'a yana ƙugi kamar taron ƙudan zuma. Wata tsohuwa da ta zo daga wajen Tiliya ta saki kwanon da ke hannunta, ta rungume jikarta, ta durƙusa gindin bango tana salati. Yara sun yi ta dariya, amma ni jikina ya yi sanyi, domin na tuna Tudun Biri a jihar Kaduna, inda a daren 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojojin Najeriya ya jefa bam kan masu taron Maulidi, aƙalla mutum 85 suka rasu. Tambayata ita ce, mu da rayuwarmu ke cikin taro, kasuwa da jana'iza da biki, akwai wata kariya da za mu iya yi wa kanmu?

Tsohon Soja, Yamai

Wa alaikumus salam Alhaji. Da farko ya kamata a raba abin gida biyu, domin maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki. Akwai manyan jirage na gwamnatoci, irin Bayraktar TB2 ƙirar Turkiyya da ƙasarmu Nijar ta karɓa a 2022, wanda Mali da Burkina Faso da Najeriya ma suke da shi, da kuma MQ-9 Reaper da Amurkawa suka riƙa tayarwa daga sansanin 201 na Agadas kafin su fice a 2024. Faɗin fikafikan TB2 mita 12 ne, yana tashi sama da kilomita 5, yana iya kwana ya yini a sama bai sauka ba. Sau da yawa ba a jin ƙararsa, balle a gan shi. Ba zan yaudare ka ba, farar hula ba shi da abin da zai tare irin wannan jirgi da shi.

Abin da ya kamata ka sani shi ne yadda mai sarrafa shi yake ganinka. Yana zaune ne a ɗaki gaban allo, da dare kuma na'urar tana nuna masa ɗumin jiki ne kawai, ba ta nuna fuska ba ta nuna rawani. Babura goma da suka jeru cikin daji da dare, a wurinsa sun yi kama da ayarin ƴan bindiga ko da ƴan rakiyar amarya ne. Saboda haka nake ba mutanen ƙauye shawara su sanar da maigari, da magajin gari, da jandarmomi mafi kusa kafin duk wani babban taro, su faɗi rana da wuri, su kuma kiyaye dokar hana hawan babura a yankunan da ke cikin dokar ta-ɓaci.

Kashi na biyu su ne ƙanana irin wanda ka gani a biki, waɗanda ake saye a kasuwa, ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai irin JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida kuma suka koyi ɗaura musu nakiya, kamar yadda aka gani a Mali da Burkina Faso. Su kam ana jin su, ana ganin su. Idan ka ji wanda ba ka san mai shi ba, a watse, kada a dunƙule wuri guda ana kallon sama, a shiga ƙarƙashin rufi mai ƙarfi ko bayan katanga. Idan ya faɗo kada kowa ya taɓa shi, musamman yara.

Mai Gyaran Rediyo, Tawa

Baba Soja ya faɗi gaskiya, ni zan ƙara ne ta fannin da na sani. Ƙananan jiragen nan galibi suna magana da mai riƙe da su ta zangon rediyo na gigahaz 2.4 da 5.8, suna kuma dogara da GPS, wato tsarin gane wuri ta tauraron ɗan Adam. Na'urar toshe sigina tana cika zangon da hayaniya har jirgin ya daina jin umarni, sai ya sauka ko ya koma inda ya taso. Amma ba kayan da ɗan kasuwa zai saya ya ajiye a rumfa ba ne, aikin hukuma ne, domin tana iya katse sadarwar maƙwabta gaba ɗaya. Kuma ko ita ba ta gama magana ba. A yaƙin Yukren an koma amfani da jiragen da ke jan siririn zaren gilashi na kilomitoci a bayansu, umarni yana bi ta cikin zaren, toshe sigina ba ya yi musu komai. Abin da mutanen birnin Kerson na Yukren suka koma yi shi ne shimfiɗa raga bisa tituna, har da tsofaffin ragar masunta, domin farfelar jirgin ta sarƙe kafin ya kai ga mutum. Wannan ya fi kusa da ƙarfinmu, amma fa ƙananan kaɗai yake tarewa.

Uwar Marayu, Yamai

Baba Soja, da girmamawa, ban gamsu da cewa sanar da hukuma ya wadatar ba, domin yana ɗora nauyin duka a kan wanda ke ƙasa. Kasuwar mako ba ɓoyayyen abu ba ce, kowa ya san ranar da take ci. Duk da haka ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto a Janairun 2024 cewa hare-hare uku na jiragen sojojin Burkina Faso, tsakanin Agusta da Nuwamban 2023, sun kashe aƙalla farar hula 60 a kasuwanni biyu da wajen wata jana'iza. A Tinzawatan ta arewacin Mali, a watan Agustan 2024, harin jirage marasa matuƙi ya kashe mutum kusan 20, da yawansu yara. Mu ma abin bai tsallake mu ba: a Fabrairun 2022 jirgin yaƙin Najeriya ya kashe yara a ƙauyen Nacade da ke Madarumfa, gwamnan Maraɗi na lokacin ya ce su bakwai ne. Wancan jirgi ko da matuƙi a cikinsa ko babu, kuskuren iri ɗaya ne, an harba kafin a tabbatar.

Ina goyon bayan sojojinmu, ina da ɗa a cikinsu, kuma na san irin ta'asar da ƴan ta'adda suka yi a yankin Tiliya a watan Maris 2021, inda suka kashe mutum 137 a rana guda. Amma dokar yaƙi, wato ƙarin yarjejeniyar Janeba na 1977, ta wajabta wa mai kai hari ya yi duk abin da zai iya domin tabbatar da cewa abin da zai harba na soja ne, ya kuma dakatar idan ya ga farar hula za su halaka fiye da kima. Abin da nake so mu nema shi ne kada a harba da hoton sama kaɗai sai wani a ƙasa ya tabbatar, idan kuma aka yi kuskure a yi bincike a fili, a faɗi sunayen mamata, a biya iyalansu diyya. Ƙauyen da aka kashe wa ƴaƴa aka yi shiru ba zai sake kai wa soja labari ba, kuma ƴan bindiga sun san haka sarai.

Mai Awon Hatsi, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni. Ranar kasuwa mai zuwa zan zauna da sarkin kasuwa da maigari mu tsara yadda za a riƙa kai wa jandarmomi sanarwar taro a rubuce, mu riƙe kwafi a hannunmu. Mai ɗaukar hoton nan kuma na riga na gaya masa ya daina tayar da jirginsa bisa kan mutane sai liman ko uban biki ya yi shela tukuna. Baba Soja, idan akwai lambar da farar hula ke kira in sun tsinci jirgin da ya faɗo a gona, don Allah ka sanar da mu.