Wace runduna ta fi dacewa da tsaron gari a Civilization V?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum jama'a. Ina buga wasan kwamfuta na gina daula da yaƙi, Civilization V, mai ƙarin Brave New World na 2013, kuma maƙwabcina Askiya na Songai ya fara jero dakaru a bakin iyaka. Garina na iyaka yana kan fili, da kogi ta gabas da tudu guda ɗaya a gefensa. Gudumar da garin ke samarwa, wato makin da ake gina sojoji da gine-gine da shi, ba ta da yawa, abin da zan iya haɗawa bai wuce runduna uku ko huɗu ba. Me zan fara ginawa, masu takobi ko maharba? Wa zan sa a cikin garin?

Na Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam. Maharbi za ka sa a ciki, ba mai takobi ba. Gari ba ya ɗaukar soja sai ɗaya, kuma wanda ke ciki ba a taɓa lafiyarsa sai ranar da garin ya faɗi. Mai takobi yana ɗan ƙara wa garin ƙarfi fiye da maharbi, gaskiya ne, amma duk sanda ya kai sara sai an rama masa. Maharbi kuwa yana harbi nisan gida biyu na taswira daga inda yake, ba mai rama masa. Ka haɗa da harbin da garin kansa ke yi, shi ma gida biyu, ka ga kana da harbi biyu kyauta a kowane zagaye.

Maharbin farko guduma 40 ne, ƙarfin harbinsa 7. Da ka samu ilimin gine-gine sai ka ɗaga shi zuwa mai bakan ƙaho, harbinsa 11, sabo kuma guduma 75. Daga baya mai bakan inji ya zo da 18, shi ne ke riƙe gari har a shiga zamanin bindiga. Duk cikinsu babu mai buƙatar ƙarfe ko doki, mai takobi kuwa sai kana da ma'adinin ƙarfe.

Kada ka raina ganuwa. Guduma 75 ce, tana ƙara wa gari ƙarfi 5 da rai 50. Magabatanmu ma da suka kewaye Katsina da ita ba don ado suka yi ba.

Baushe na Daura:
Malam ya faɗi gaskiya, amma maharba zalla ba sa riƙe fili. Mai bakan ƙaho in aka same shi a waje ƙarfin jikinsa 7 ne kacal, mahayi ɗaya zai yi kaca-kaca da shi. Wannan tudun da ka ambata shi ne rabin tsaronka. Ka ɗora mai mashi a kai, guduma 56, ƙarfi 11, da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan masu doki. Tudu yana ba shi ƙarin kashi 25, in ka ce ya kafe a wurin ya samu 20 a zagayen farko, ya kai 40 a na biyu. To ka bar shi a kafe ɗin nan. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ga abokin gaba ya ji rauni sai a saki mai mashi ya bi shi, ƙarin kafewar ya tafi, tudun ma ya tafi, a zagaye shi a fili a gama da shi.

Maharbi na biyu ya tsaya a bayan mai mashin, ta yadda sai an bi ta kan mashi kafin a kai gare shi. Ka duba layin harbi kafin ka ajiye shi: daji ko tudu in ya shiga tsakani yana tare kibiya, sai dai in shi ma a kan tudu yake.

Kogin kuma kada ka tsallaka shi. Duk wanda ya kai sara ta ƙetaren ruwa yana rasa kashi 20, kibiya kuwa babu ruwanta da kogi.

Da Askiya musamman, ka gaggauta samun masu dogon mashi, ƙarfi 16, kafin baradensa na Mandekalu su fito. Yawancin mahaya suna yin rauni in sun kai wa gari hari, su waɗannan ba sa yi.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai. To in sun iso da majaujawar dutse da masu takobi a tare, wa zan fara harbi?

Na Sabuwar Unguwa:
Majaujawa. Tana da ƙarin kashi 200 a kan gari, ita ce ke cinye ransa. Amma nisan jifanta gida biyu ne, dole ta shigo inda kake iya harbinta, kuma sai an kafa ta tukuna. Gari da maharba biyu su taru a kan guda ɗaya har ta mutu. Kada ka rarraba harbi, wanda ya tsira da ɗan rai zai ja baya ya warke ya dawo.

Baushe na Daura:
A nan dai ban bi ka gaba ɗaya ba, yallaɓai. Ɗan Ƙofar Ƙaura, sai ka ƙirga waɗanda suka zo tukuna. Majaujawa da maharba ba sa iya kama gari ko sun kai ransa ƙasa, sai mai takobi ko mashi ko doki ya taka ciki. In masu saran da suka zo biyu ne kawai, ka kashe su, sauran su yi ta jifa har su gaji. In sun kai biyar ko shida, to maganar Malam ce, ka fara da majaujawa.

Abu biyu da suka rage. In kana reshen Al'ada na manufofin mulki ka ɗauki tsarin Oligaki: sojan da ke cikin gari ba a biyan kuɗin riƙonsa, harbin garin kuma ya ƙaru da kashi 50. Sannan in mai mashinka ya sauka ƙasa da rabin rai, ka yi musanya, ya shiga gari inda ake warkewa 25 a zagaye, wani ya hau tudun. Sojan da ka saya da zinariya ba ya motsi a zagayen da ka saye shi, don haka ka saye shi tun suna bakin iyaka.