Shekara 4 ina biyan bashin gida, uwar kuɗi ta ƙi motsi

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don tun jiya ban runtsa ba. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, shekarata 43, mata ɗaya da 'ya'ya 4. Shekara 11 muka yi a gidan haya, gida uku muka sauya, na ƙarshen mai gidan ya ba mu wata biyu mu tashi saboda ɗansa zai yi aure, ga maiɗakina da tsohon ciki, muka raɓa a gidan yayanta a ɗaki ɗaya har ta haihu. Abin da ya sa kenan a 2021 na rufe ido na karɓi lamunin NHF, wato asusun gidaje na ƙasa, ta wani bankin gidaje, naira miliyan 10, shekara 20, ana cire mini 71,643 duk wata. Jiya na karɓo takardar bayanin asusu, sai na ga wai saura miliyan 8 da dubu 829. Na lissafa abin da na biya a wata 48, ya haura miliyan 3 da dubu 400. Ina sauran ya tafi? Albashina 290,000 kafin a cire na gida. Ina so in gama da bashin nan cikin shekara 6, kafin babbar 'yata ta kai jami'a. Ta ina zan fara matse hannu? Maiɗakina tana ɗan taɓa sana'a.

Akanta:
Wa alaikumus salam Malam. Ba wanda ya cuce ka, haka lissafin yake tafiya. Kuɗin ruwan NHF kashi 6 cikin 100 ne a shekara, wato rabin kashi ɗaya a wata, kuma a kan abin da ya rage ake ɗora shi. Watan farko, cikin 71,643 ɗinka 50,000 ruwa ne, 21,643 kaɗai ya taɓa uwar kuɗi. Yanzu ruwan ya sauko zuwa kusan 44,100, uwar kuɗi na samun 27,500. Shi ya sa farkon tafiyar take nauyi.

Batun shekara 6 kuwa, cire shi daga ranka. Sai ka riƙa biyan kusan 146,000 a wata, rabin albashinka. Ga abin da zai yiwu: ka ƙara 20,000 duk wata, shekara 16 da suka rage su koma 11, ka tsira da kusan miliyan 1 da dubu 700 na ruwa. Ka ƙara 30,000, su koma shekara 9 da rabi, ka tsira da sama da miliyan 2. Amma kafin nan kawo mana abin da kake kashewa, dalla-dalla. "Tana ɗan taɓa sana'a" ba adadi ba ne.

Mai Tambaya:
Abinci 95,000, man mota 40,000, Hajiyarmu a ƙauye 20,000, wuta da data 18,000. Makarantar yara 150,000 duk zango. Kuɗin sana'arta ba na shiga ciki, nata ne.

Akanta:
To raba kuɗin makaranta. Zango 3, 450,000 a shekara, 37,500 a wata. Haɗa duka, 210,500. Bayan an cire na gida 218,357 ke hannunka. Rararka ba ta kai 8,000 ba, kuma ba ka saka magani ba, ba ka saka gyaran mota ba, ba kayan Sallah, ba suna ba biki. Malam, akwai abin da ba ka faɗa mana ba. Ko dai wani kuɗi na shigowa ta gefe, ko kuma bashi kake ci kana cike giɓin.

Uwar Gida:
Ni ta wajen abinci zan shiga, don nan ne kuɗi ke zurarewa ba a ji. Mai awon mudu-mudu duk mako shi ne ke sayen tsada. A sayi masara, gero da wake da kaka, tsakanin Nuwamba da Disamba, a buhu. Buhu kan ɗauki tiya 40, gidan mutum 6 a lissafa tiya nawa ake ci a mako a ninka, kada a yi ƙiyasi da ka. Kuskuren da ake yi shi ne ajiye hatsi da sauran danshi. A ciza ƙwaya, in ba ta fashe da ƙara ba a mayar rana. Wake a zuba a jarka mai murfin kirki a cika ta taf a rufe, ko a buhu mai ninki uku a ɗaure kowane ninki daban, iska ta ƙare ƙwari su mutu, ba sai an sa magani ba. In ana buɗewa kullum ana ɗiba aikin banza ne, a ware na wata guda a wani mazubi. Buhu kada ya taɓa siminti, a ɗora a kan katako. Tumatir da tattasai a yanka a shanya lokacin da suka yi araha da sanyi.

Sannan magidanta ku daina ba da kuɗin cefane kullum safiya. A ba da na wata, a bar mace ta tsara. Kullum ana cewa mata ba su iya tattali ba, alhali wanda aka ba 2,000 da ƙarfe 9 na safe ba shi da zaɓi sai kantin bakin layi.

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Duk wanda zai ƙara kuɗi a kan bashin gida ya san hanya, in ba haka ba kuɗin ya kwanta ba amfani. Bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, mai kula da asusun NHF, ba ya hulɗa da kai kai tsaye a irin wannan lamunin, bankin gidajen da ka karɓa ta hannunsa shi ne abokin maganarka. Fara da ɗauko takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu, nemo wurin da aka yi maganar biya kafin lokaci, ka ga ko akwai tara ko sharaɗin ba da sanarwa. Sai ka rubuta wasiƙa kwafi biyu, ka ce duk ƙarin da ka saka a cire shi daga uwar kuɗi, a rage shekaru, kada a rage abin da ake cirewa duk wata. Su buga hatimi a kwafinka. In ba ka rubuta ba, sau da yawa kuɗin zama yake yi a asusun da ake cirewa, a ɗauke shi a matsayin biyan watanni masu zuwa, ruwa na ci gaba da hawa a kan tsohon adadi. Bayan kowane ƙari nemi sabon jadawalin biya ka gwada da tsohon. Ƙananan kuɗi kuma gara a tara su a kai duk wata 3, ya fi sauƙin bibiya.

Kashi 2.5 da ake cire maka a albashi na NHF daban yake, ba ya rage bashin. Wannan ajiyarka ce, sai ka kai 60 ko ka yi ritaya.

Ɗan Kasuwa:
Ni ban ga dalilin gaggawar ba. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34, kai kuma bashinka a kashi 6 yake, ba ya motsi. 71,643 na 2021 da na yau ɗaya ne? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 me wannan kuɗin ke saye? Naira ce ke biya maka bashin kana zaune. Duk rarar da ka samu zuba ta a hatsi da kaka ko a jarin maiɗakinka, ta fi kashi 6 nesa ba kusa ba. Mu da muke kasuwa ko a mafarki ba ma ganin bashi a wannan farashin, sai dai ma'aikata, su ne 'yan lelen gwamnati.

Malamin Islamiyya:
Alhaji, ba komai ake aunawa da riba da faɗuwa ba. Kuɗin ruwa ne, ko kashi 6 ko kashi 1, wanda ya samu hanyar fita da wuri ya fita. Sai dai ina jan hankalin mai tambaya, kada ya tauye ciyar da iyali ko haƙƙin mahaifiya don wannan, su wajibi ne. Layya kuwa sunna ce mai ƙarfi ga mai hali, wanda kuɗin ragon zai taɓa bukatunsa na dole ba a ɗora masa ba.

Akanta:
Malam ya faɗi gaskiya ta ɓangarensa, Alhaji ma lissafinsa daidai ne a takarda, amma hatsi na faɗuwa, wanda ya ajiye da tsada ya sani. Ni dai har yanzu ina jiran amsar tambayata.

Mai Tambaya:
To, akwai 180,000 da na karɓa a wata manhajar bashi ta waya lokacin da injin mota ya buga, kashi 8 a wata, ruwan kawai nake biya ina sabuntawa. Amma wannan ƙaramin abu ne, ba shi ke hana ni barci ba. Kuma ina da fili a bayan gari, gadon mahaifinmu ne, an taya 1,500,000, ba zan sayar ba. Ina kuma zubin adashi 15,000, kwasata a watan Maris, 180,000, na riga na yi niyyar kai ta kan gidan.

Akanta:
Inna lillahi! Wannan "ƙaramin abin" 14,400 yake ci duk wata. 180,000 ɗin nan in ka kai shi kan gida, 900 kacal zai rage maka na ruwa a wata. Kwasar adashin ta tafi kan manhajar gaba ɗaya, ka goge ta daga wayar. Daga nan 14,400 ya dawo hannunka. Wata 6 na farko kada ka kai wa banki ko sisi, tara kuɗin ko-ta-kwana, aƙalla na gida na wata 2, don ranar da mota ta sake bugawa. Mota kuma a ajiye ta kwana 3 a mako. In ka rage 15,000 a mai, ka haɗa da 14,400, ga 30,000 ɗinka nan.

Mai Tambaya:
Ajiye mota ba zai yiwu ba, ni ke kai yara makaranta, Keke Napep na mutum 4 zuwa da dawowa ya fi man tsada. Kuma kada wani ya ce in sauya musu makaranta. Wani a ofis ya ce ana iya cire kashi 25 na kuɗin fansho a zuba a gida, wannan fa?

Tsohon Ma'aikacin Banki:
Tsarin da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta fitar a 2022 na kuɗin kafin alƙalami ne ga mai shirin karɓar lamuni, ba na biyan tsohon bashi ba. Ya wuce ka. Abin da zan ƙara, duba ko inshorar rai da ta gobara da ke kan lamunin suna nan daram, don su ne za su tsare wa iyali gidan in ta Allah ta kasance. Ranar da ka gama kuma kada ka tsaya a "mun gode". Karɓi takardar shaidar kammala biya, karɓo C of O ɗinka, wato takardar mallakar gidan, a kai takardar sakin jingina KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, a cire sunan banki.

Uwar Gida:
Shin maiɗakin naka ta san da bashin wayar nan kuwa? Don tattalin da za a yi a kicin ɗinta za a yi shi.

Mai Tambaya:
Hajiya wannan maganar cikin gida ce. Ni tambayata ita ce, in na kai kwasar Maris kan gidan, wata nawa za ta rage mini?

Akanta:
Wajen wata 6 daga cikin 192. Manhajar kuma ta ci 172,800 a shekara kana kallo.

Ɗan Kasuwa:
Filin nan a wace unguwa yake, kuma takardarsa ta hakimi ce ko ta gwamnati?