Injin Hilux ɗina ya gaji: in sauke a gyara ko in ɗora ɗan Beljiyam?

Manomin Rani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya taɓa faɗawa kansu. Ina da Hilux mai shan gas, injin 5L-E, marar tabo (turbo). Da ita nake kwaso shinkafa daga fadamar Bunza da Suru zuwa Birnin Kebbi, wani lokaci in yi lodin albasa daga Aliero. Tun ƙarshen damina ta fara shan baƙin mai, salansa na fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi, da sanyin safiya kuma sai an sha fama kafin ta tashi. In na buɗe murfin mai tana aiki, hayaƙi ke busowa. Ba ta taɓa bugawa ba, ba ta kuma haɗa ruwa da mai. Bakanikena ya ce a sauke injin a canza ringin fistin da mital (ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu), dubu 850 har kuɗin aiki, in dai ba a tarar da wata ɓarna a ciki ba. Wani dillali kuma ya ce zai kawo min ɗan Beljiyam, wato injin da aka yi amfani da shi a ƙasar waje, a miliyan 3 da dubu 200. Maganar sayarwa ba ta taso ba, motar gado ce, ni da ƙannena muke da ita. Ga girbin rani na matsowa. Wanne ya fi?

Ɗan Jega:
Wa alaikumus salam. Malam, sayar da ita kawai ka cika ka sayi mai fetur. Wa ke wahala da gas a zamanin nan?

Mai Lodi Argungu:
Tawa ma haka ta yi bara, ashe tabo ne ya mutu yake tura mai cikin inji. Ka sa a duba tabo tukuna.

Manomin Rani:
Na gode, amma tawa ba ta da tabo, na faɗa a sama.

Mai Lodi Argungu:
To ai tawa injin 2KD ne, D-4D mai tabo. Duk da haka ka sa a duba.

Direban Yauri:
Ɗan'uwa, don girman Allah kada ka tura wa kowa kuɗi a kan injin da ba ka ji kukansa da kunnenka ba. Ni nan da kake gani an yi min. L200 gare ni, injin 4D56. Da ya gaji, wani da muke gaisawa ya haɗa ni da mai shago a wata babbar kasuwar kayan gyara a kudu. Aka turo min bidiyo, inji fes, ana ce min yanzu aka sauke shi daga kwantena. Bijimai biyu na sayar, waɗanda nake kiwo don babbar salla, na tura kuɗi. Suka ce garanti sati 2. Abin da ban lura ba, lissafin daga ranar biyan kuɗi yake farawa, kafin injin ya iso Yauri a ɗaura shi har wa'adi ya kusa cika.

Da farko lafiya lau. Wata ranar na ɗauko kaya zan nufi Koko, inji ya ɗauki zafi, sai fitilar mai ta fara ƙiftawa, can sai ƙwanƙwasa daga ƙasa. Aka jawo ta gareji. Da aka kwance kwanon mai, gefensa duk jan gam ne an dame, alamar an taɓa buɗe shi. Man da muka tarar a lungunan ciki kauri gare shi, bakanike ya shafa a yatsa ya shinshina ya ce wannan man giyar mota ne aka haɗa don ya ɓoye ƙara. Da ya ciro mital, a bayan ɗaya akwai yankan gwangwani siriri da aka cusa don ya cike gibi. Karanshaf an riga an yanke shi har ya ƙure. Wato injin da ya gama aiki a nan ƙasar ne aka wanke da gas, aka fesa fenti, aka naɗe a leda.

Na kira mai shago, ya ce bakanikena ne ya lalata. Na kira wanda ya haɗa mu, ya ce shi taimako ya yi. Daga baya lambar ma ta daina shiga. Motar na nan a ƙofar gida a kan duwatsu, kaji na ƙwai a bayanta. Na bar su da Allah.

Hajiya Mai Albasa:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, ya saka maka.

Ɗan Jega:
Amin. Bijiman nawa ka sayar da su a lokacin?

Direban Yauri:
Bar tuna min, ɗan'uwa.

Ɗan Kamba:
Cinikin biri a sama ke nan. Mu nan ta Gaya da Malanbil muke samun kaya daga Kwatano, kuma sai an tayar da inji a ƙasa mun gani. Amma miliyan 3 da dubu 200 ya yi yawa. Na ga an sayi 5L miliyan 2 da rabi.

Mai Shago BK:
Yaushe? Kafin 2023 ko bayanta? Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 duk wani ƙarfe da ke ƙetarowa ya tashi. Ga saifa ta yi tsada, ga iyakar Nijar da aka rufe bayan juyin mulkinsu, sai a 2024 aka buɗe ta ɓangarenmu. Duk wanda ya ba ka 5L mai lafiya da araha, ka tambaye shi mi ya gani a ciki.

Ɗan Kamba:
Kai ai shago gare ka, dole ka ce haka.

Mai Shago BK:
Ban ce ya saya wurina ba. In ya ga dama ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas ya taya da bakinsa.

Injiniya Gusau:
Kowa na maganar kuɗi, ba wanda ya tambayi abin da ke damun injin. Malam Manomi, alamun da ka lissafa ba iri ɗaya ba ne. Hayaƙi shuɗi mai ne ke ƙonewa. Baƙi yawanci gas ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, wato nozul ko matatar iska. Wahalar tashi da sanyi kuwa na iya zama hita fulogi kawai, domin wannan injin ya dogara da su sosai da safe. Hayaƙin da ke busowa ta murfin mai shi ne ke nuna ringi ko bangon silinda sun ci. Kafin a kwance ko ƙusa ɗaya, a yi gwajin kwamfireshan na kowace silinda, duka huɗun. In an buɗe kuma a auna silinda da karanshaf da ma'auni, ba da farce ba. In silinda ta buɗe, sabon ringi shi kaɗai ba zai hana shan mai ba, sai an yi bori, wato a ƙara faɗin silinda, an sa fistin mai girma, ko a sa siliba, wato sabon bango a cikin silinda.

Wani abu kuma: Hilux ɗin da aka sayar a Turai daga 2005 zuwa 2015 injin D-4D gare su, 2KD da 1KD. Don haka ka tambayi dillalin daga jikin wace mota aka ciro wannan 5L ɗin. Akwai na Hiace, kuma kwanon mai da mazauni na iya bambanta da naka. Sannan 5L zalla famfon gas ɗinsa ba na kwamfuta ba ne, naka mai E kwamfuta ke sarrafa shi.

Bakanike Tsohon Hannu:
Injiniya, a takarda komai na da sauƙi. Mu da muke kwana ƙarƙashin mota, da jin ƙara mun san ciwon. Wanga inji na L ba ya da wuyar sha'ani, in bai taɓa bugawa ba gyara shi ya fi, don ka san tarihin abinka. Matsala kaya ne. Ringi na asali daban, na jabu daban, kwali iri ɗaya. Dubu 850 ɗin nan da wane irin kaya? In na asali ne da bori da gaskit da taimin bel, ya haura miliyan 1.

Injiniya Gusau:
Baba, da jin ƙarar ne aka karɓi injin ɗan'uwanmu na Yauri.

Bakanike Tsohon Hannu:
Ba ni na ɗaura shi ba. Kuma yaro, kafin a haife ka nake sauke inji.

Direban Yauri:
Nawa bakaniken ma tsohon hannu ne, ya saurara ya ce inji kamar agogo.

Sarkin Zolaya:
Ku daina wahalar da bawan Allah. Ɗan Beljiyam bazawara ce, ba ka san abin da ya fito da ita daga gidan farko ba sai ta tare. Ka lallaɓa uwargida kawai.

Hajiya Mai Albasa:
Kai dai ba ka da aiki. Sau nawa laifin na mijin ne? Injin ma haka, direba ke kashe shi. Ni motata mai gas ce, abin da na sani shi ne lokacin kaya ba ya jiran gareji. Na taɓa ba da gyara gab da ɗibar albasa, aka ce kwana kaɗan, motar ta yi ta zama ana jiran mai bori, na ƙare da hayar motar wasu a kuɗin da suka ga dama. Malam Manomi, ko mi za ka yi, ka yi shi yanzu ko ka bari sai ka gama kwashe shinkafa, kana ƙara mata mai kana tafiya a hankali.

Tsohon Direba Zuru:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Amma in za ka lallaɓa, ka duba taimin bel. A wannan injin, in ya tsinke yana tafiya fistin zai daki bawul, daga nan maganar ta wuce ringi. In kuma ka sayi wani injin, ka karɓi rasit mai lambar injin a jiki ka gyara takardunka, in ba haka ba za ka sha tambaya a hanya.

Manomin Rani:
Na gode ƙwarai. Injiniya, bakanikena ba shi da abin gwajin nan, ya ce sai dai a Sakkwato ko wani gareji a nan Birni. Ya kuma ce tun tuni an cire tamostat, wai ƙasarmu akwai zafi. Matatar iska kuwa busawa muke yi mu mayar. Shin waɗannan na da hannu a ciki?

Injiniya Gusau:
Sosai. Ƙurar hanyar fadama in ta wuce matata ita ke cin ringi da silinda. Ko sabon inji ka ɗora, in ba ka

Ɗan Jega:
Matatar ma ai duk jabu ce yanzu. Na sayi ta gas, ko wata ba ta yi ba takardar ciki ta narke.

Mai Lodi Argungu:
Ba matata ba ce, gas ɗin ne. Na sha a wani gidan mai a hanyar Jega, ban yi nisa ba mota ta fara shessheƙa. Da muka kwance ƙasan matata, ruwa ne ya fara zubowa kafin gas. Nozul huɗu na canza, kuma na D-4D kun san ba kuɗin wasa ba ne.

Bakanike Tsohon Hannu:
Da, kalanzir ake zubawa, shi kuwa ba ya da santsin da famfo ke so, sai ya cinye shi a hankali. Yanzu kalanzir ɗin ma ya yi tsada, Allah kaɗai ya san mi suke haɗawa.

Ɗan Kamba:
Ku kuna da gidan man da za ku zarga. Mu tun Nuwamban 2019 da aka hana kai mai garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka muka saba da 'yan bumburutu. Jarka ce, ka saya ko ka tura motarka.

Mai Shago BK:
An ce in matatar Dangote ta fara sayar da gas za a huta. Ta fara tun 2024, ya ɗan sauko, amma mai injin ban-ruwa da mai a-kori-kura har yanzu kuka suke.

Ɗan Jega:
Shi ya sa na ce ya sayar ya koma fetur.

Sarkin Zolaya:
Fetur ɗin da aka cire wa tallafi? Jaki dai, Malam. Ba ringi, ba nozul.

Direban Yauri:
Wane gidan mai ne na hanyar Jegan? Turo min ta akwati, ƙanena na bin hanyar gobe da lodin kifi.

Manomin Rani:
Injiniya, saƙonka ya yanke. In ban yi me ba?

Mai Lodi Argungu:
Na tura maka, Direba. Ka ce masa ya sha a Koko ya cika tanki.